Alan Hardaker, magatakardan da ya tsare rabon ƙananan ƙungiyoyin ƙwallon Ingila

Wasan ƙarshe na Kofin Carabao na ranar Lahadi 16 ga Maris, 2025, ya faɗo ne cikin azumi. A gidajen kallon ƙwallo na unguwar Hausari da ke tsakiyar Maiduguri, ana gab da shan ruwa dogon ɗan bayan Newcastle United, Dan Burn, ya yi tsalle ya jefa ƙwallo da ka a ragar Liverpool. Newcastle ta yi nasara da ci 2-1, ta ɗauki babban kofin cikin gida karo na farko tun 1955. Bayan an tashi aka miƙa wa Burn kyautar gwarzon wasa, a lokacin da akasarin masu kallo suka watse zuwa gida da masallaci. Ko da sun tsaya, da wuya a samu wanda zai tambayi ko wane ne Alan Hardaker, mutumin da kyautar ke ɗauke da sunansa tun 1990.

Da wuya kuma kyautar ta taɓa faɗawa hannun da ya fi wannan dacewa. Newcastle ta sallami Burn tun yana yaro. Ya koma buga ƙwallo a garinsu, Blyth, yana haɗawa da aikin tura kekunan kaya a wani babban kanti, kafin Darlington ta ɗauke shi. Daga can ya ratsa ta Fulham da Yeovil Town da Wigan Athletic da Brighton, sannan ya dawo ƙungiyar da ta kore shi. Ba don ƙananan ƙungiyoyin nan suna raye a lokacin da yake neman wurin sa ƙafa ba, da Newcastle ba ta samu wanda ya ci mata ƙwallon farko a Wembley ba. Yadda za a rayar da irin waɗannan ƙungiyoyi, da kuma aljihun da kuɗin zai fito, shi ne aikin da Hardaker ya yi shekara 23 yana yi, kuma har yau ana jayayya a kansa a majalisar dokokin Birtaniya.

An haifi Alan Hardaker ranar 29 ga Yuli, 1912, a Hull, birnin masunta da tashar jiragen ruwa a gabashin Ingila. Gidansu na sana'ar dakon kaya da motoci. Da ya gama makaranta ya shiga sana'ar gida, amma bai jima ba mahaifinsa ya sallame shi, saboda ya same shi yana wasan domino lokacin aiki. Daga nan ya samu ƙaramin aikin akawu a ofishin magatakardan birnin Hull, inda ya koyi abin da ya zame masa makami har ƙarshen rayuwarsa: rubuta ƙa'ida, adana takarda, da tuna abin da aka zartar a taro bayan kowa ya manta. Yana buga ƙwallo a matsayin ɗan dagaji, har ya buga wa ƙungiya ta biyu ta Hull City. An yi masa tayin zama ƙwararren ɗan wasa, ya ƙi. A wancan zamani ɗan ƙwallo ba shi da wani abin kirki, aikin hukuma ya fi tabbas, kuma tun bai kai shekara 25 ba ya zama sakataren magajin garin Hull.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauke shi zuwa rundunar sojan ruwa, ya yi aiki a jiragen yaƙi, ya kai muƙamin laftanar-kwamanda, aiki ya kai shi har Ostareliya. Bayan yaƙi ya koma aikin sakataren magajin gari, wannan karon a Portsmouth. A 1951 Hukumar Lig ta Ingila, wadda ke gudanar da gasar mako-mako tun 1888, ta ɗauke shi mataimakin sakatare, bisa fahimtar cewa sakataren da ke kan kujera, Fred Howarth, ya kusa yin murabus. Howarth ya ƙara shekara biyar da ɗoriya bai motsa ba. Hardaker ya zauna a wani tsohon gida a titin Starkie da ke Preston, inda ofishin yake, yana jira yana cizon yatsa, sai a watan Janairun 1957 kujerar ta zama tasa. Bayan shekara biyu ya kwashe ofishin zuwa Lytham St Annes, wani ƙaramin gari a bakin teku, nesa da Landan da hayaniyar manyan ƙungiyoyinta.

Ya kamata mai karatu ya san irin gidan da ya gada, domin ya sha bamban da wanda ake gani a talabijin yau. Ƙungiyoyi 92 ne a ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma daga 1958 aka jera su rukuni huɗu, daga na ɗaya zuwa na huɗu. Kuɗin ƙwallo a lokacin kusan duka kuɗin ƙofa ne. Ƙa'ida ta tanadi cewa mai masaukin baƙi zai ba ƙungiyar da ta zo masa wasa kaso daga abin da aka tara, kimanin kashi 20 cikin 100. Bayan wannan akwai harajin kashi 4 cikin 100 da ake cirewa daga kuɗin ƙofar kowane wasan Lig, a zuba a asusu ɗaya, a raba wa ƙungiyoyin duka daidai wa daida. Manchester United ta cika fili da mutum dubu 60, Rochdale kuwa da ƙyar ta tara dubu uku, amma idan aka zo rabon asusun kowa ya ɗauki abin da ɗan'uwansa ya ɗauka. Hujjar mai sauƙi ce: ba a buga ƙwallo da ƙungiya ɗaya, kuma wanda ya biya kuɗin ƙofa ya zo kallon ɓangare biyu ne. Duk wanda ya san abin da ake kashewa kafin a kai 'yan wasa daga Maiduguri zuwa Aba ko Fatakwal a mota, da man fetur da masauki da abinci, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin ba baƙo kasonsa.

Ba Hardaker ya ƙirƙiro wannan tsari ba, ya tarar da shi ne. Abin da ya yi shi ne ya tsare shi, kuma duk lokacin da sabuwar hanyar kuɗi ta ɓullo ya tabbatar ta bi ta cikinsa. Kada kuma a ɗauka gidan adalci ne ta kowace fuska. Ƙungiyoyi 48 na rukuni na uku da na huɗu ba cikakkun mambobi ba ne, ƙuri'u huɗu kacal suke da su gaba ɗayansu a babban taro, alhali kowace ƙungiya a rukuni na ɗaya da na biyu tana da tata ƙuri'ar. Suna da rabo a kuɗi, ba su da murya. Wanda ke magana da yawunsu a zahiri shi ne sakatare.

Ya hau kujera ne jama'a na guje wa filayen wasa. A kakar 1948 zuwa 1949 an sayar da tikiti sama da miliyan 41 a wasannin Lig. Zuwa kakar 1960 zuwa 1961 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 29. Mutane sun sayi talabijin da motoci, Asabar ta samu abokan takara, kuma ƙananan ƙungiyoyi su suka fara jin jiki.

Wurin da ya fara neman kuɗi shi ne kamfanonin cacar ƙwallo. Kamfanoni irin su Littlewoods da ke Liverpool sun yi shekaru suna buga jadawalin wasannin Lig a takardunsu, miliyoyin mutane na cikawa kowane mako, ba tare da an ba ƙungiyoyin ko sisi ba. Shugabannin farko sun ƙyamaci caca, sun ƙi kuɗinta, har ma a 1936 suka gwada ɓoye jadawalin, ba a sanar da wanda zai kara da wane sai wasa ya matso. Dabarar ta fi cutar da magoya baya fiye da masu caca, cikin 'yan makonni aka watsar da ita. Hardaker ya bi ta hanyar akawu. Ya kai Littlewoods kotu da hujjar cewa tsara jadawalin wasannin ƙungiyoyi 92 aiki ne na ƙwaƙwalwa da gumi, don haka yana da haƙƙin mallaka kamar kowane rubutu. A 1959 babbar kotu ta yarda da shi. Kamfanonin suka sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 ta biyan kusan rubu'in fam miliyan ɗaya kowace shekara, kuɗin da ya shiga asusun bai-ɗaya. Mai karatu na da damar ƙin tushen kuɗin, kuma a Ingilar ma akwai malaman coci da suka ƙi shi. Abin lura shi ne inda aka kai su da suka shigo. Sunayen Arsenal da Tottenham ne ke jan masu caca, amma ba a ce su kaɗai za su ci ba.

Sai kuma kofin da ya fi komai ɗaukar tambarinsa. A tsakiyar shekarun 1950 filayen Ingila sun fara samun fitilun dare, abin da ya buɗe damar buga wasa ran Talata ko Laraba bayan an tashi daga aiki. Hardaker ya ga kuɗi kwance a daren tsakiyar mako. Tunanin sabon kofi na ƙungiyoyin Lig zalla ya girme shi, domin Stanley Rous na Hukumar FA ya taɓa kawo shi, amma shi ya tura shi har ya tabbata a 1960. Shugaban Lig na lokacin, Joe Richards, ya sayi kofin da kuɗin aljihunsa. 'Yan jarida suka yi ta yi masa ba'a, suna cewa ana neman ƙara wa gajiyayyun 'yan wasa kaya ne a daidai lokacin da Real Madrid ke nuna wa duniya yadda ake ƙwallo. Ƙungiyoyi biyar na rukuni na ɗaya, ciki har da Arsenal da Tottenham da Wolverhampton Wanderers, suka ƙi shiga a shekarar farko, wasu kuma suka janye a shekarun da suka biyo.

Ƙananan kuwa sun san abin da aka kawo musu. Dare ɗaya da babbar ƙungiya, a raba kuɗin ƙofa, yana iya biyan albashin watanni. A wasan ƙarshe na farko, a 1961, Rotherham United ta rukuni na biyu ta ba Aston Villa wuya kafin ta sha kashi da ci 3-2 a gida da waje. Shekara ta biyu Rochdale, daga rukuni na huɗu, ta kai wasan ƙarshe, Norwich City ta doke ta. Amma Hardaker ya san kofin da manya ba sa ciki ba zai daɗe yana kawo kuɗi ba, don haka ya ɗana musu tarko biyu: ya mayar da wasan ƙarshe filin Wembley, ya kuma samo wa wanda ya ci kofin gurbi a gasar Turai. Nan da nan masu jan aji suka dawo. Wasan ƙarshe na farko a Wembley, a 1967, ya zama kamar an rubuta shi don a wanke shi daga zargi: Queens Park Rangers ta rukuni na uku, ana cin ta 2-0 kafin hutun rabin lokaci, ta farke ta doke West Bromwich Albion 3-2. A 1969 Swindon Town, ita ma daga rukuni na uku, ta lallasa Arsenal 3-1 a cikin taɓo. Duka biyun an hana su gurbin Turai saboda ba 'yan rukuni na ɗaya ba ne.

Kofin ɓangare ne kawai na wani babban shiri da ya tsara, kuma sauran shirin ya mutu. Ya so a ƙara ƙungiyoyin zuwa 100, a raba su rukuni biyar masu 20 kowanne, a raba na ƙasa gida biyu, kudu da arewa, don a rage musu kuɗin tafiya, a kuma ƙara yawan masu hawa da masu sauka domin wasannin ƙarshen kaka su riƙa jan jama'a. Sauya ƙa'ida na buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u. A 1963 shugabannin ƙungiyoyi suka yi watsi da shi, kowa na tsoron kada tasa ce za ta sauka.

A kan talabijin ya yi taka-tsantsan har ya wuce kima, domin ya yi imani cewa duk wasan da aka nuna kai tsaye zai kwashe 'yan kallo daga ƙananan filaye. An gwada sau ɗaya a watan Satumban 1960, tashar ITV ta nuna wasan Blackpool da Bolton Wanderers, yarjejeniyar ta rushe bayan Arsenal da Tottenham sun hana a shigar da kyamara filayensu. Daga nan ba a sake nuna wasan Lig kai tsaye ba sai 1983, bayan mutuwarsa. Abin da ya yarda da shi shi ne a nuna taƙaitattun wasanni da dare bayan an tashi, wanda BBC ta fara a watan Agustan 1964 da wasan Liverpool da Arsenal. Kuɗin farko-farkon nan fam 5,000 ne, aka raba wa ƙungiyoyi 92, kowace ta samu fam 50 da 'yan kai. Kuɗin abin dariya ne, amma ƙa'idar da aka kafa da su ta yi nauyi, domin ko da kuɗin talabijin suka kai miliyoyi a ƙarshen shekarun 1970, haka aka ci gaba da raba su daidai tsakanin Liverpool mai riƙe da kofin Turai da ƙungiyar da ke can ƙarshen rukuni na huɗu.

Sai dai wannan daidaito yana da waɗanda suka biya farashinsa, kuma 'yan wasa ne. Har zuwa farkon 1961 ƙa'idar Lig ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 20 a mako, komai gwanintarsa. Akwai kuma ƙa'idar da ta ba ƙungiya ikon riƙe ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare, ba zai tafi ko'ina ba sai ta ga dama. Hujjar Lig ita ce idan aka saki waɗannan ƙa'idoji masu hannu da shuni za su kwashe gwanaye duka, ƙananan garuruwa su zama 'yan rakiya. Ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki, kuma a watan Janairun 1961, Hardaker na cikin masu tattaunawa, aka soke iyakar albashi. Ba a jima ba Fulham ta fara biyan Johnny Haynes fam 100 a mako. A 1963 George Eastham, wanda Newcastle ta hana komawa Arsenal na tsawon watanni, ya yi nasara a kotu, alƙali ya ce ƙa'idar riƙewar tauye wa mutum hanyar cin abinci ce. 'Yan wasan ne ke da gaskiya, ba shakka. Amma hasashen Lig ma bai faɗi ƙasa ba. Burnley, ƙungiyar ƙaramin gari, ta ci gasar a 1960, zuwa 1987 tana fafutikar kada ta fice daga rukuni na huɗu a ranar ƙarshe ta kaka. Preston da Blackpool da Bolton duk sun bi hanyar gangara.

Babban kuskurensa shi ne Turai. Ya ɗauki sabuwar gasar Zakarun Turai a matsayin kishiyar Lig, kuma an sha ruwaito kalamansa na raina baƙi, waɗanda ba su da wani uzuri. A 1955, yana mataimakin sakatare, Lig ta matsa wa Chelsea, zakarun Ingila, har ta janye daga gasar farko. Shekara mai zuwa Matt Busby ya yi kunnen ƙashi ya shiga da Manchester United. Tarihi ya bi bayan Busby, kuma shi kansa Hardaker daga baya da gurbin Turai ya ceto kofinsa.

Akwai kuma labarin Accrington Stanley, wanda ya nuna iyakar tausayinsa. A watan Maris na 1962 bashi ya yi wa wannan ƙaramar ƙungiya ta rukuni na huɗu katutu, shugabanninta suka rubuta wa Lig takardar ficewa ana tsakiyar kaka. Cikin 'yan kwanaki mutanen gari suka yunƙura da alƙawarin taimako, aka aika takarda ta biyu ana neman janye ta farko. Lig ta tsaya kan ta farkon, aka share sakamakon wasanninta, Oxford United ta maye gurbinta. Sai a 2006 wata sabuwar ƙungiya mai wannan suna ta dawo da garin cikin Lig. A nan ake gane mutumin. Tsarin yake karewa, da ƙa'idar da ta riƙe shi, kuma ƙungiyar da ta kasa tsayawa da ƙafarta duk da rabon da take samu ba ta da wata alfarma a wurinsa.

Manya ma ba su ga sassauci ba. Rigimarsa da Don Revie, kocin Leeds United, ta shahara. A 1972 Leeds ta ci Kofin FA ranar Asabar, aka tilasta mata buga wasan da zai yanke gasar Lig ranar Litinin a gidan Wolverhampton. Ta sha kashi 2-1, Derby County ta zama zakara. Mutanen Leeds ba su yafe ba har yau. Masu sukarsa na kiransa ɗan kama-karya, shi kuma bai taɓa nuna abin ya dame shi ba. A fahimtarsa, ranar da aka ɗaga wa babba wasa don girmansa, ranar ce aka fara samun Lig biyu a cikin ɗaya.

A 1977 ya wallafa tarihin rayuwarsa. A 1979 aka ɗaga shi zuwa babban darakta, Graham Kelly ya karɓi aikin sakatare. Ranar 4 ga Maris, 1980, ciwon zuciya ya yi ajalinsa yana da shekara 67. Bayan kwana 11 Wolverhampton, ɗaya daga cikin waɗanda suka raina kofinsa a 1960, ta ɗauke shi a Wembley karo na biyu.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 1983 aka soke kason baƙo, mai gida ya riƙa riƙe kuɗin ƙofarsa duka. A 1986, bayan manyan ƙungiyoyi biyar, wato Arsenal da Everton da Liverpool da Manchester United da Tottenham, sun yi barazanar ɓallewa, aka ba rukuni na ɗaya rabin kuɗin talabijin, na biyu rubu'i, na uku da na huɗu suka raba sauran rubu'in, aka kuma rage harajin ƙofa zuwa kashi 3. A shekarar ce Littlewoods, kamfanin da ya kai kotu, ya sayi damar liƙa sunansa a jikin kofinsa. A 1988 kason rukuni na ɗaya ya tashi zuwa kashi 75. Ƙananan sun yi ta ba da kai bori ya hau da fatan a zauna tare, amma a 1992 ƙungiyoyi 22 na sama suka fice suka kafa gasar Firimiya, suka sa hannu a yarjejeniyar talabijin ta fam miliyan 304 ta shekara biyar. Hukumar FA ce ta sa musu albarka, kuma babban jami'inta a lokacin shi ne Graham Kelly, magajin Hardaker. Ba za a ce da yana raye da ya hana ba, domin kuɗin tauraron ɗan'adam sun fi ƙarfin kowane sakatare. Amma shekara uku kacal tsakanin jana'izarsa da rushewar ginshiƙi na farko ba ƙaramar shaida ba ce.

Firimiya na ba ƙungiyoyin ƙasa kuɗi har yau, kuma a lissafin fam sun ninka na zamanin Hardaker nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne da haƙƙi ne rubutacce, yanzu kuwa mai bayarwa ke yanke adadi, kuma kaso mai tsoka na tafiya ne ga ƙungiyoyin da suka faɗo daga Firimiyar, don a sassauta musu faɗuwa. Na ƙasa suna cin bashi don su kamo su. A 2002 tashar ITV Digital ta karye da bashin Lig na kusan fam miliyan 180, ƙungiyoyi da dama suka shiga hannun masu bin bashi. A watan Agustan 2019 aka kori Bury, wadda ta ci Kofin FA a 1900 da 1903, tana 'yan kilomitoci daga filayen Manchester United da Manchester City. Lokacin annobar korona, da aka rufe filaye, sai da aka yi watanni ana ja-in-ja kafin a watan Disamban 2020 Firimiya ta amince da fam miliyan 50 ga rukuni na uku da na huɗu, da hanyar rancen fam miliyan 200 ga na biyu. Kafin nan Liverpool da Manchester United sun kawo tayin ba na ƙasa kashi 25 na kuɗin talabijin, da sharaɗin a damƙa wa manya ikon yanke hukunci, a kuma soke Kofin Lig. Tayin bai samu karɓuwa ba. A watan Yulin 2025 Birtaniya ta kafa dokar hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan ƙwallo, da ikon yanke yadda za a raba kuɗi idan Firimiya da Lig suka kasa daidaitawa. Firimiyar kuwa ta shiga sabuwar yarjejeniyar cikin gida ta fam biliyan 6.7 ta shekara huɗu.

A Nijeriya maganar ta ɗauki wata siffa, domin na saman ma hannu baka hannu ƙwarya suke. El-Kanemi Warriors da Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists duk na gwamnatocin jihohi ne, abin da gwamna ya saki shi ne kasafinsu. El-Kanemi, wadda aka kafa a 1986, ta ci Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992, ta yi shekaru tana buga wasanninta na gida a wasu jihohi saboda rikicin Boko Haram, sannan a 2024, tana rukuni na biyu, ta doke Abia Warriors 2-0 a Legas ta ɗauki Kofin Tarayya, irin abin da Swindon ta yi wa Arsenal. Ƙasa da wannan akwai rukuni na uku da ɗaruruwan ƙungiyoyin unguwa, inda koci ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa. Hanyar da doka ta tanadar musu daga sama ita ce ƙa'idar FIFA da ke ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Wannan ma sai ƙungiyar tana da rajista, kuma sunan yaron na rubuce a takardunta da kwanan wata, aikin akawu irin wanda Hardaker ya ƙware a kai.

Daga kakar 2024 zuwa 2025 an soke maimaita wasan Kofin FA idan an yi canjaras, hanyar da ƙananan ƙungiyoyi suka daɗe suna samun kuɗin shekara da ita. A Kofin Lig kuwa, wanda ake kira Carabao tun 2017, har yanzu kowace ƙungiya na ɗaukar kashi 45 cikin 100 na kuɗin ƙofa, babba ce ko ƙarama, a gida ko a waje. Ranar 27 ga Agusta, 2025, Grimsby Town ta rukuni na huɗu ta karɓi baƙuncin Manchester United a ƙaramin filinta na Blundell Park, aka tashi 2-2, ta fitar da ita da bugun fenariti 12-11. Filin yana kudancin mashigin ruwan Humber, a tsallaken Hull.